Me ya sa jiharmu ke da ɗan majalisa ɗaya tak?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Shekarata tara ina zaune da maigidana a birnin Anchorage na jihar Alaska a Amurka, kuma bara Allah ya sa na samu takardar zama 'yar ƙasa, shi dai maigidan bai nema ba tukuna. Wata maƙwabciyata ta ba ni littafin bayanin zaɓen da ya wuce don in koyi yadda abin yake. Da na buɗe shafin majalisar wakilai ta tarayya sai na ga kujera ɗaya ce kacal ake takara a kanta a duk faɗin jihar. Ƙanina da ke Houston ya ce su a Teksas 'yan majalisarsu sun haura talatin, yana ta tsokanata wai ƙuri'ata ba ta da nauyi. Malam, raina mu aka yi ne? Sannan takardar ƙuri'ar da na gani cike take da layuka da ƙananan da'irori, wai a jera 'yan takara daga na ɗaya zuwa na huɗu. Ina tsoron in lalata ƙuri'ata ta farko. A taimaka mini da bayani.

Daga wata mai karatu a Anchorage

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da samun takarda, Allah ya sa albarka a zaman. Bari in fara cire miki abin da ya fi damunki: ba a raina ku ba, kuma idan aka zauna aka yi lissafi, ƙuri'arki ta ɗan fi ta ƙaninki nauyi ma. Ki ajiye wannan shafi ki karanta masa.

Majalisar wakilan Amurka kujeru 435 ne, kuma wata doka ta 1929 ce ta daskarar da adadin a nan. Duk shekara goma ana ƙidayar jama'a, sai a sake raba waɗannan kujeru tsakanin jihohi 50. Kundin tsarin mulkinsu ya ce kowace jiha, komai ƙanƙantar jama'arta, sai ta samu aƙalla wakili ɗaya. Don haka ana fara ba kowa ɗaya-ɗaya, hamsin sun tafi ke nan, sannan a bi ragowar 385 ɗaya bayan ɗaya da wani lissafi da suke amfani da shi tun 1941, wanda ke duba jihar da ta fi cancantar kujera ta gaba. Lissafin ba ya sani ba ya sabo. A ƙidayar 2020 jihar Niyok ta rasa kujera guda saboda mutum 89 kawai da suka gaza mata. Kalifoniya, wadda ta fi kowa jama'a, ta sauka zuwa 52, karon farko da aka taɓa rage mata. Teksas ta ƙaninki ta hau zuwa 38.

A waccan ƙidaya an samu mutum 733,391 a Alaska. Matsakaicin abin da wakili ɗaya ke ɗauka a faɗin ƙasar kusan mutum 761,000 ne. Kin ga ke nan jama'arku ba su ma cika mazaɓa ɗaya ba, balle a yi maganar ta biyu. Teksas kuwa mutum miliyan 29 da ɗoriya ne, idan kika raba su gida 38 kowane wakili na ɗauke da kimanin 767,000. To wa ya fi samun wakilci tsakanin ke da ƙaninki? Ke ce, ko da da ɗan kaɗan. Shi ma fa ba mutum 38 yake zaɓa ba. Guda ɗaya yake zaɓa, na mazaɓarsa, daidai da ke.

Ku shida ne a wannan hali: Alaska, Wyoming, Vermont, Delaware, Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu. Idan akwai wadda ya kamata ta yi ƙorafi a cikinku to Delaware ce, domin jama'arta sun kusa miliyan ɗaya amma wakilinta ɗaya, alhali Wyoming mai mutum 576,851 ita ma ɗaya take da shi. Montana ta sha wannan ɗacin shekara talatin. An karɓe mata kujera ta biyu bayan ƙidayar 1990, ta yi ta girma har ta haura mutum miliyan da wakili guda, sai bayan ƙidayar 2020 aka mayar mata.

Inda kuka yi wa Teksas fintinkau shi ne majalisar dattawa da zaɓen shugaban ƙasa. Sanatoci biyu kowace jiha ke da su, babba da ƙarama. Wakilan da ke zaɓen shugaban ƙasa kuwa, ana haɗa yawan sanatoci da na 'yan majalisar wakilai ne, don haka Alaska na da 3, Teksas na da 40. Ki raba da yawan jama'a ki gani: kowane ɗaya naku na tsaye ne a madadin mutum 244,000 ko kusa da haka, nasu kuwa sama da 700,000. Akwai kuma wani tanadi da ba kowa ya san shi ba. Idan babu ɗan takarar shugaban ƙasa da ya samu 270 daga cikin wakilai 538, majalisar wakilai ce ke zaɓa, kuma a ranar kowace jiha ƙuri'a ɗaya take da ita. Mutum 38 na Teksas sai sun haɗa kai su jefa guda, naku kuwa shi kaɗai zai yanke wa jiharsa. Rabon da a yi haka tun 1825, lokacin da majalisar ta zaɓi John Quincy Adams, amma tanadin na nan bai goge ba.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, kujera ɗaya tana da nata ciwon, kuma shi ne abin da nake so ki riƙe fiye da duk lissafin da na yi a sama. Wakilinku ɗa ne tilo. Uwa mai 'ya'ya goma, idan ɗaya ya ƙi aike tana da tara. Mai ɗa guda kuwa, idan ya lalace ko ya kwanta ciwo, gidan ya tsaya. Aikin majalisar Amurka a kwamitoci ake yinsa, can ake rubuta doka, can ake raba kuɗi. Jiha mai wakilai da yawa tana da ɗanta a kusan kowane kwamiti. Naku mutum ɗaya ne, kwamiti biyu ko uku zai iya zama, kuma shi ne zai yi maganar kifi, da man fetur, da sansanonin soja, da asibitocin karkara, da haƙƙin 'yan asalin ƙasa, duk a baki ɗaya.

Ki dubi kuma girman mazaɓar. Alaska ta kai murabba'in kilomita miliyan 1.7, ta ninka Teksas sau biyu har da ragowa. Babban birnin jihar ma, Juneau, babu titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasa, sai jirgin sama ko na ruwa. Mafi yawan ƙauyuka haka suke. Ɗan takara a Houston zai iya zagaye mazaɓarsa da mota kafin azahar. Naku sai ya hau ƙaramin jirgi, ya jira hazo ya washe, ya sauka a filin tsakuwa don ya gana da mutum ɗari biyu. Wannan wahala ta taɓa cin ran mai kujerar. Ranar 16 ga Oktoba 1972, ɗan majalisar Alaska na lokacin, Nick Begich na jam'iyyar Dimokurat, ya tashi daga Anchorage ɗin nan da kike zaune zuwa Juneau wajen yaƙin neman zaɓe, tare da Hale Boggs, shugaban masu rinjaye na majalisar. Jirgin ya ɓace. An yi kwana 39 ana nema, har yau ba a ga ko tarkacensa ba. A watan Nuwamba sunan Begich na kan takarda, mutane suka zaɓe shi yana ɓace. Sai da aka tabbatar da rasuwarsa a hukumance aka yi zaɓen cike gurbi a Maris 1973, wanda ya sha kaye a hannunsa, Don Young na Rifablikan, ya samu kujerar.

Don Young ya zauna a kanta shekara 49. Kafin siyasa malamin makaranta ne kuma matuƙin jirgin ruwa a kogin Yukon, yana zaune a Fort Yukon. Mutum ne mai kaifin baki, ya sha jawo wa kansa surutu. Amma mutanen jihar sun yi ta mayar da shi, kuma na fahimci dalilinsu. A majalisar Amurka daɗewa ita ce ƙarfi. Wanda ya daɗe shi ke shugabantar kwamiti, kuma Young ya shugabanci na albarkatun ƙasa daga 1995, sannan na sufuri daga 2001 zuwa 2007. Jihar da ba ta da yawa sai ta nemi tsufa. Ko hakan daidai ne? Ni dai a ganina rabin gaskiya ce, domin tsoron rasa daɗaɗɗen wakili yana sa jama'a su yafe abin da bai kamata a yafe ba. Ya rasu ranar 18 ga Maris 2022 yana da shekara 88, a cikin jirgi, yana hanyar komawa gida. Gurbin majalisar wakilai gwamna ba ya naɗa mai cike shi, dole sai an yi zaɓe. Daga ranar har zuwa 13 ga Satumba, kusan wata shida, duk dokar da aka kaɗa wa ƙuri'a a majalisar wakilai an kaɗa ta ne babu muryar Alaska ko ɗaya. Wannan ba zai taɓa faruwa da Teksas ba.

Akwai wata ni'ima guda da kuke da ita wadda ƙaninki ba shi da ita. A jihohi masu kujeru da yawa, jam'iyyar da ke riƙe da majalisar jiha kan zauna ta shata iyakokin mazaɓu yadda za su amfane ta, ta tattara magoya bayan abokan hamayya a lungu ɗaya ko ta yayyanka su gida-gida. Teksas na cikin wuraren da aka fi shan shari'a a kan wannan. Ku kuwa babu layin da za a ja. Iyakar jiha ita ce iyakar mazaɓa, ƙuri'ar masunci a Bethel da ta nas a Anchorage kwando ɗaya suke faɗawa. Shi ya sa ma wanda ya ci irin wannan kujera kan yi saurin hayewa gaba, tunda duk jihar ta riga ta san shi. Bernie Sanders ya riƙe ta Vermont daga 1991 zuwa 2007 kafin ya zama sanata. John Thune ya fara da ta Dakota ta Kudu, ya zo ya zama shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa a 2025. Haka kuma idan jiha ta juya wa mutum baya babu wata unguwa da zai laɓe. Liz Cheney ta gani a Wyoming a 2022, lokacin da 'yan jam'iyyarta suka kayar da ita a zaɓen fidda gwani da tazara mai yawa bayan ta ja daga da Donald Trump.

Yanzu ga takardar da ta ba ki tsoro. A 2020 mutanen Alaska suka amince, da ƙyar, da sabon tsarin zaɓe mai mataki biyu. A watan Agusta ana zaɓen share fage, duk 'yan takara na kowace jam'iyya a takarda ɗaya, ki zaɓi mutum ɗaya tak. Huɗun da suka fi ƙuri'a su ke wucewa babban zaɓe na Nuwamba. A can ne ake jerawa. Ana fara ƙirga zaɓin farko na kowa. Idan wani ya haura rabi, magana ta ƙare. Idan babu, sai a cire na ƙarshe, a ɗauki takardun waɗanda suka zaɓe shi a duba wa suka sa na biyu, a miƙa masa. Haka za a yi ta yi har wani ya haura rabi.

Karon farko da aka gwada shi a kan wannan kujera taku ne, wajen cike gurbin Young, kuma labarin ya fi kowane bayani koyarwa. Mutum 48 suka fito a zaɓen share fage na Yuni 2022. Huɗu suka wuce, ɗaya ya janye, saura uku: Sarah Palin ta Rifablikan, tsohuwar gwamnan jihar wadda ta yi takarar mataimakiyar shugaban ƙasa a 2008, Nick Begich, jikan wancan da ya ɓace, amma shi ɗan Rifablikan ne, sai Mary Peltola ta Dimokurat, 'yar ƙabilar Yup'ik daga Bethel a bakin kogin Kuskokwim, wadda ta yi shekara goma a majalisar jiha sannan ta koma aikin kare kifin salmon da ke ƙarewa a kogunan yankinsu. An kaɗa ƙuri'a ranar 16 ga Agusta, amma sai 31 ga wata aka yi jeren, saboda jiran takardun da ke zuwa ta gidan waya daga ƙauyuka da ƙasashen waje.

Ina tuna daren, domin ban yi barci ba. Na zauna da waya a hannu ina jiran sakamako, babban ɗana na gefena yana cewa bai gane wannan zaɓe ba. Na yage takarda gida ɗari, na tara su tsibi uku a kan tabarma: arba'in na Peltola, talatin da ɗaya na Palin, ashirin da takwas na Begich, ɗayan da ya rage na ajiye gefe. Haka zaɓin farko ya kasance a cikin ɗari. Na ce masa ya ɗauke tsibin Begich ya raba. Nan take ya tura shi gaba ɗaya kan na Palin, ya ce ai jam'iyyarsu ɗaya. Da haka ta faru da Palin ta ci da kusan kashi 60. Amma da sakamako ya fito sai ga wani abu daban. Kimanin mutum 27,000 na Begich ne suka sa Palin a na biyu. Kimanin 15,000 suka tsallaka suka sa Peltola. Sama da 11,000 kuwa ba su sa kowa ba, takardunsu suka mutu a nan. Peltola ta ci da kashi 51.5, Palin na da 48.5, tazarar ƙuri'a dubu biyar da 'yan kai. Ki lura da kyau ƙanwata: waɗanda suka bar gurbin na biyu fanko sun ninka tazarar sau biyu. Da hannunsu suka bar wa wasu hukunci. Palin da Begich kuwa sun shafe watanni suna sukar juna, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Peltola ta zama 'yar asalin Alaska ta farko a majalisar tarayya, mace ta farko a kan wannan kujera, kuma 'yar Dimokurat ta farko tun bayan Begich kaka. Ta sake ci a Nuwamban shekarar.

Masu adawa da tsarin suna da hujjarsu, kuma ba zan raina ta ba. Da aka fitar da bayanan takardun aka bincika, an gano cewa da Begich ya kara da Peltola su biyu kawai, da shi ya ci, haka ma da ya kara da Palin. Wato wanda ya fi karɓuwa ga mafi yawa shi aka fara cirewa. Wannan aibi ne na gaske. Ni dai har yanzu ina ganin tsarin ya fi wanda mutum zai ci kujerar jiha sukutum da kashi 35, domin yana tilasta wa ɗan takara ya nemi yardar waɗanda ba nasa ba. A 2024 'yan Rifablikan suka ɗauki darasi, ɗaya daga cikin 'yan takararsu, Nancy Dahlstrom, ta janye bayan zaɓen share fage don kada a raba ƙuri'a, Begich ya kayar da Peltola da kimanin kashi 51 da 49. A wannan rana kuma aka tambayi jama'a ko a soke tsarin jerawa, ya tsira da ƙasa da ƙuri'a dubu ɗaya. Masu son soke shi ba su haƙura ba, don haka kada ki dogara da tsohon littafin maƙwabciyarki. Hukumar zaɓen jiha kan fitar da samfurin takardar kowane zaɓe kafin ranar, shi za ki nema ki duba.

Idan takardar jerawa ce aka miƙo miki, ga yadda take. Sunayen 'yan takara suna jere daga sama zuwa ƙasa a hagu. A samansu akwai ginshiƙai: zaɓi na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Ki sa yatsa a kan sunan wanda ya fi kwanta miki, ki ja shi zuwa ginshiƙin farko, ki cike da'irar har ta yi baƙi. Ki koma kan wanda za ki iya haƙuri da shi idan naki ya faɗi, ki cike tasa a ginshiƙi na biyu. Da'ira ɗaya a kowane ginshiƙi, da'ira ɗaya a gaban kowane suna. Idan kika ba mutum biyu matsayi ɗaya, daga nan takardarki ta daina aiki. Cike wa mutum ɗaya duk ginshiƙan ba ya ƙara masa komai. Kada kuma ki tsallake ginshiƙai ki bar su fanko a tsakiya. Mutane da yawa na tsoron cewa sa na biyu zai cutar da na farkonsu. Ba zai cutar ba, domin ba a ko kallon na biyunki sai an riga an cire na farkon. Ba dole ne ki jera kowa ba, wanda zuciyarki ta ƙi gaba ɗaya ki bar shi, amma ina roƙonki kada ki tsaya a guda. Idan hannunki ya kuskure, kada ki goge, kada ki ja layi a kai. Ki mayar wa ma'aikatan rumfa su ba ki sabuwa.

Ki tabbatar sunanki na cikin rajista aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, kuma ki fita a na Agusta, wanda mutane ke rainawa alhali a nan ake tace huɗun. Kujerar shekara biyu ce, don haka duk shekara mai lamba cika za a dawo gabanki.

Sai maganar maigida, kuma wannan ki faɗa masa yau. Tunda bai zama ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin, kada ya yi rajistar zaɓe, kada ya kaɗa ƙuri'a. Laifi ne babba a dokar tarayya, yana iya hana shi takardar har abada, yana iya kai shi ga kora daga ƙasar. A Alaska ana haɗa rajistar zaɓe da takardar neman rabon kuɗin asusun man fetur da kuke cikewa duk shekara, don haka ya karanta tambayar zama ɗan ƙasa da kyau kafin ya sa hannu. Idan wata takardar rajista ta taɓa zuwa gida da sunansa, ya je ofishin zaɓe ya sa a cire shi, ya kuma riƙe shaidar hakan a rubuce. Ki gaishe shi da yaran.